Hular da aka binne a bayan ɗakina

Ni mace ce mai zargi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Shekarar da ƙanwar maigidana ta dawo gidanmu daga Bande, bayan ta gama takabar mijinta, na sa mata ido ƙwarai. Ta zo da ɗiyarta, 'yar ƙarama da ba ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Uwar ba ta cika magana ba, ni kuwa mai shiru-shiru tsoro yake ba ni.

Bayan an gama shuka, gero ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke. A kwanakin na fara ganin wani wuri a bayan ɗakina kullum a jiƙe, ga alamar an tona an mayar. A garinmu in an yi tono a bayan ɗakin mace, kowa ya san me ake nufi: an binne mata asiri. Zargina ya tafi kan ƙanwar maigidana, na ce a raina, wato na ba ki wurin kwana, ke kuma kina neman raba ni da gidana? Na ƙudura in na kama ta, ko ita ko ni a gidan nan.

Na barbaɗa toka a wurin. Da safe sai ga sawun ƙafa ɗan mitsitsi. Wannan bai wanke uwar a idona ba, na ce ita ta aiko yarinyar don kar a gane. Na ɗauki hauya na tona, sai ga hular namiji duk ta sha laka. Na yi tsakar gida da ita.

"Mene ne wannan?" na ce da uwar.

Ta dubi hular, ta sulale ƙasa ta zauna. "Yaya, ta marigayi ce. Tun yaushe nake nemanta."

Sai ga yarinyar, riƙe da gwangwanin tumatir cike da ruwa. Da ganin hular a hannuna ta fashe da kuka.

"Inna, kin tone shi bai tsiro ba!"

Da ƙyar muka lallashe ta ta yi bayani. Ranar shuka ta bi mu gona, ta ga an sa gero a rami an rufe, aka yi ruwa, ya fito. An kuma ce mata an sa babanta a ƙasa. A nata lissafin, ba a ba shi ruwa ba ne, shi ya sa bai fito ba. Kushewarsa na can Bande, hular kaɗai ke kusa da ita.

Tausayi ya kama ni har na kasa haɗa ido da uwar. Na ce bari mu gaya mata gaskiya, uwar ta girgiza kai ta ce ba yau ba.

Na koma bayan ɗaki na mayar da hular, na rufe da diddige yadda ake rufe iri. Yarinyar ta juye ruwanta, ta ɗago ta tambaye ni ko gobe zai fito.