Muryar Zoran da ba ta Zoran ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Zoran, kuma har yau in na tuna shi, haushi ne ke fara zuwa kafin kewa.

Mawaƙi ne ɗan ƙasar Sabiya a Turai. Ya yi tashe a can yana saurayi, da irin waƙoƙin soyayyar nan da 'yan mata ke haddacewa. Da tauraronsa ya dushe sai ya koma haɗa wa wasu kiɗa. Aiki ya kawo shi Alƙahira, ya auri Bamisriya, ya buɗe ɗan situdiyo a unguwar Abbasiya. Ni kuwa ina ɗalibi a garin na je ɗaukar waƙar bikin wani abokina, ya ji muryata, ya riƙe ni ina yi masa amshi. Da na san halinsa da na gudu tun ranar.

Mutumin nan bai taɓa ce wa aiki ya yi ba. Baiti ɗaya sai ka maimaita har maƙogwaro ya bushe, ka dube shi kana jiran yabo, ya ce a sake. Na'urar gyara murya kuwa, a wurinsa ha'inci ce. Mawaƙa suka watse, matarsa ta gaji ta koma gidansu a unguwar Madinat Nasr da 'yarsu Mila tana ƙarama. Na yi masa faɗa har na gaji, amma hali zanen dutse. Ya fi shekara goma yana cewa zai yi wa yarinyar waƙa, kullum wai ba ta nuna ba. Haka ya mutu bai gama ba.

A bana Mila ta zo gidana, za ta yi aure. Ta tattara tsofaffin faya-fayansa ta ba kwamfuta, kwamfuta ta kwaikwayi muryarsa ta rera mata waƙar biki.

"Ammu Sani," ta ce, wato Baffa Sani da Larabcinsu, "kai ka fi kowa sanin muryar Baba. Ka saurara, ka ce mini shi ne, khalas, shi ke nan."

Na saurara. Wallahi ta yi daɗi. Babu sarƙewar numfashi, babu dishewar nan ta mai shan taba. Da Zoran zai ji, da ya yi jifa da wayar ta taga, ya kwana yana zagin zamani da yarensu. To amma wa ya jawo? Da ya rera mata ko baiti biyu masu karkata, da yarinya ba ta je roƙon uba a wurin inji ba. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai.

Kalma ɗaya take nema, kuma ba za ta rage ni da komai ba. Na buɗe baki in ce tamam, shi ne, sai na ji kaina ina cewa, "Ba shi ba ne. Babanki bai taɓa waƙa sumul haka ba."

Ta ɗauki wayarta ta fita, ko shayin da na kawo mata ba ta sha ba.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kayan kiɗansa sun bi shanun sarki, situdiyon ya zama shagon gyaran waya. Abin da ya rage na Zoran a duniya shi ne kunnen nan da ba ya yafiya, kuma ni ya bar wa shi ban roƙa ba. An yi bikin makon jiya. An ce mini da aka sa waƙar kowa ya yi kuka. Ni ba a gayyace ni ba.