Baba Gamaliel da Jitar da Ya Rantse Ba Zai Taɓa Ba

Kafin 'yan makaranta su fara wucewa ta unguwar Yara, Baba Gamaliel ya riga ya buɗe shago, ya share garin katako, ya fito da bencinan da ya haɗa jiya. Kafinta ne, da zarto yake ci tun kafin a ba mu mulkin kai. Amma da la'asar sai ya ajiye kayan aiki, ya sauko da jitarsa ta katako daga ƙusa, masu koyo su kewaye shi. Yawancin masu kaɗa jita a coci-coci da makarantun Keffi a ƙofar shagon nan suka fara. Bana hannu ya soma rawa, kunne ya yi nauyi, ya ce zai rufe shago. Shi ya sa ya kamata a faɗi alherinsa yana raye, ko da sai an ɗaga masa murya.

Kowa ya san halinsa. In sabon shiga ya tambaye shi wacce zai saya, ta katako ko ta lantarki, ba ya amsawa sai ya ce, "Kawo hannunka." Ya matsa kan yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai. "Laushi kamar na jariri. Da ta katako za ka fara, sai yatsa ya yi kanta." Ta lantarki kuwa ko ganinta ba ya so. Da samari suka fara shigowa da ita daga Jos da Kaduna, cewa yake jitar malalata ce, in an ɗauke wuta ta zama itacen girki. Har rantsuwa ya yi a gaban mutane cewa hannunsa ba zai taɓa ta ba.

Ana nan sai Ezra, maƙwabcinsa, ya dawo daga yaƙin basasa. Motarsu ta kama wuta, hannayensa biyu suka ƙone, suka warke da tabo. Ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Wata rana matarsa Filomina ta zo shago.

"Baba, ko coci ya daina zuwa, wai ana kallon hannunsa. In ba kiɗanka ya jiyo da yamma ba, ba ya ko tashi zaune."

"Kawo min shi."

"Ba zai zo ba."

"To ni zan je."

Ya tarar da Ezra ya cusa hannaye cikin riga. "Soja, kawo hannunka," in ji shi. Da ƙyar Ezra ya miƙo. Baba ya duba, ya ba shi amsar da yake ba kowa, ya bar masa jitarsa ta katako. Ezra ya dage da gaske, amma fatar da wuta ta ci ba ta yin kanta, tsagewa take. Ba a jima ba Filomina ta dawo da jitar, da busasshen jini a kan tsirkiya. "Ya ce a gode maka, Baba. Shi kam ya haƙura."

Abin ya yi wa Baba ciwo ƙwarai. Ya san in Ezra ya koma kwanciya a wannan karo, ba mai sake tayar da shi. Ya kuma san abin da bai taɓa yarda ya faɗa ba: tsirkiyar ta lantarki siririya ce, taɓawa kaɗan take so.

Mijinyawa direba shaida ne. Baba ya tare shi a tasha, ya miƙa masa jitar nan tasa, wadda ya sassaƙa da hannunsa a shekarar samun 'yancin kai. Ya ce ya kai wa makaɗan wani otal a Jos, su ba shi wata tsohuwar jitar lantarki mai tsagaggen wuya da suka yasar a madadinta.

"Baba, kai da ka rantse?"

"Rantsuwar tawa ce, hannun na Ezra ne. Tayar da motarka."

Da Mijinyawa ya kawo ta, Baba ya ɗaure wuyan, ya sassauko da tsirkiyoyin har suka kusa kwanciya a kan katako. Gidan Ezra babu wuta, sai Mijinyawa ya ba da tsohon batirin mota, mai gyaran rediyo ya mai da wata tsohuwar rediyo lasifika. Samari suka sami abin tsokana, in sun wuce shago su ce, "Baba, yaya itacen girki?" Ya yi kamar bai ji ba, alhali a lokacin kunnensa garau yake. Ya daɗe ba shi da jitar kansa, da ta ɗalibai yake koyarwa.

Kirsimetin da ya biyo baya Ezra ya tsaya a gaban coci yana kaɗa wa mawaƙa, hannayensa a fili kowa na gani. Filomina ta kasa rera ko baiti ɗaya don kuka.

Kai ne, Baba Gamaliel, ka yarda a yi maka dariya a gari don wani ya fito daga ɗaki. Kai ne mai taurin kan da ya san inda ake sauke shi.

Ran Lahadin da ta wuce aka yi masa taron ban kwana a ƙofar shago. Masu jitar katako suka yi ta kaɗawa, yana ta gyaɗa kai don kara, ba ya jin komai. Sai Ezra ya jawo lasifika ya ajiye dab da kujerarsa, ya murɗa ta har ƙarshe, ya kaɗa jitarsa ta lantarki. Baba ya ɗago kai, idonsa ya cika da hawaye.

"Soja," ya ce, "wannan kam na ji ta."

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka huta da daɗi. Ku kuma masu koyar da kowace irin sana'a, in mai koyo ya zo da tambaya, kada ku yi saurin ba shi amsar da kuka haddace. Ku fara cewa ya kawo hannunsa.