Ƙwayar da Na Sha a Sha Bakwai ga Azumi

Ciwon ɓarin kai a wajen mahaifiyata na gaje shi. Ita in ya taso mata sai ta ɗaure kai tamau da ɗankwali ta shige ɗaka. Ni kuwa tela ne a bakin kasuwar Makarfi, ba ni da wurin ɓuya sai ƙarƙashin teburin yanka. Nawa ba ya shigowa sai ya yi sallama: wani haske ne ke fara gilmawa a gefen idona na hagu, yana lanƙwashe-lanƙwashe, har in kasa ganin kafar allura. Bayan kamar rabin awa sai ɓarin kan ya kama sara, amai ya biyo baya.

Na yi shekaru ina ɗirka wa cikina maganin ciwon kai a banza. Ranar da wata ma'aikaciyar lafiya a Ikara ta rubuta mini wata ƙwaya, ta ce magani biyu ne a haɗe, na ciwo da na amai, sai na ce, "Hajiya, ni fa kaina ke ciwo. Aman ɗan rakiya ne."

Ta yi dariya ta ce, "Malam tela, in ciwon nan ya taso, cikinka tsayawa yake yi da aiki. Abin da ka haɗiya sai ya zauna a tumbi, bai isa hanji ba balle jini ya ɗauka, ƙarshe ka amayo shi. Na aman shi ke kwantar da tashin zuciya, ya tura abin da ke ciki gaba, na ciwon ya samu hanya. Amma ka sha da wuri, da ka ga alamar farko. In ka bari ya kama ka, ka makara. Kuma kada ka mai da shi gyaɗa, yawan shansa ma ciwon kai yake kawowa."

Har yau ban gane yadda kai ke ciwo ciki ke yajin aiki ba. Na dai bi, na kuma ga amfani. Sai ga azumi.

Na samu limamin unguwarmu bayan tafsiri, na durƙusa muka gaisa, na zayyana masa komai. Ya ce mara lafiya an yi masa rangwame, ya sha ya rama.

"Allah gafarta Malam, ai lokacin da ya kamata in sha, lafiyata ƙalau. In na jira na zama mara lafiya, maganin ba ya ci."

Ya shafa gemu. "Wanda ya tabbata ciwo zai kayar da shi, shi ma an ba shi dama. Ka tabbata?"

Nan gizo ke saƙar. Wani lokaci hasken yakan zo ya wuce abinsa, ba ciwo ba komai. Da na faɗa masa haka, sai ya ce, "To wannan kam tsakaninka da Ubangijinka ne." Na fito a ruɗe fiye da yadda na shiga.

Ran tara ga wata hasken ya zo da hantsi, na ce ba ni sha. Tun da na balaga ban taɓa ajiye azumi ba, ba zan fara a kan wani ƙyalli ba. Ranar na yini a ƙarƙashin teburi ina kakari, ban san inda kaina yake ba. Azahar da la'asar duk sai a haɗe da magariba na yi su, a zaune. Na riƙe azumi, salla biyu sun kuɓuce mini. Wannan riba ce ko faɗuwa, wallahi ban sani ba.

Ran sha bakwai ya sake dawowa, rana tsaka, ina kan wuyan wata riga. Na tashi na zauna ya fi sau uku. Can na turo ƙofar shago, na ɓare ƙwayar, na kora da ruwan buta, ina waige-waige kamar ɓarawo. Ruwan ya sauka da sanyi, daɗin da na ji ma sai ya ba ni kunya.

Na zauna jiran ciwo. Abin da ban taɓa tsammani ba, sai na sami kaina ina roƙon ya zo, ko ɗan kaɗan ne, ya zame mini shaida. Hasken ya dushe. Kai shiru, ciki shiru. Na gama riga uku kafin la'asar, na bi jam'i a sahun gaba, jikina garau, zuciyata kuwa ba daɗi. Maganin ne ya tare shi, ko dama yau ba zuwa zai yi ba? Babu wanda zan tambaya, don babu wanda ya sani.

Da magariba maiɗakina ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye kunu da ƙosai, ta dube ni da murna. "Maigida, yau kam azumi bai taɓa ka ba. Dubi fuskarka fes. Allah ya karɓa mana."

Na ce amin. Ladan ya ɗaga murya, kowa a gidan ya ɗaga hannu yana addu'ar shan ruwa. Ni kuma ina riƙe da dabino, na rasa wadda zan karanta.