Cikin Ɗanmaliki Mai Zuma

A Fakku, in kana neman Ɗanmaliki, sama za ka fara dubawa kafin ƙasa, don rabin rayuwarsa a kan bishiya ya yi ta. Tun yana saurayi yake saƙa amya, ɗakin ƙudan zuma, ya turara ta da hayaƙi mai ƙamshi, ya haye ɗorawa ya ɗaura. Gonarsa ta gero ba ta kai a yi maganarta ba. Zuma ce ta yi masa aure, ita ta aurar masa da 'ya'ya, ita ce kuma maganin komai a wurinsa: tari, ƙuna, gyambo, har faɗan miji da mata ya taɓa aika wa kwalba guda. Matarsa Hinde ta ce ko barci yake, hannunsa laluben reshe yake yi.

Yana da jika, Mu'awiya, ƙaton ɗan kabu-kabu mai tumbi, da ke jigila tsakanin Kebbe da Tambuwal. Ba su taɓa haɗuwa sun rabu lafiya ba, irin wasan nan na kaka da jika.

"Tsoho, har yau ba ka sakam min Hinde ba? Na fa yi mata ɗunki."

"Tahi can, buhun maiwa. Babur ɗin ga haƙuri gare shi, in ni ne da na kai ƙara."

Bara da damina ciwon ciki ya kama Mu'awiya, can ƙasa ta hagu. Ihun da ya yi har awakin maƙwabta sai da suka tsinke igiya. A asibiti aka ce wasu 'yan aljihu ne da kan fito a jikin babban hanji, ɗaya ya kumbura. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ɗora shi kan kunu. Kafin tsohon ya gama yi masa dariya, har ya koma kan babur.

Bana, da ɗorawa ta yi fure, Ɗanmaliki ya ji wani abu a daidai wurin nan. Shi bai kira shi ciwo ba. Wani guna-guni ne ƙasa-ƙasa, kamar ka kara kunne jikin amya. Ba zazzaɓi, ba murɗa. Ya auna a ransa: na yaro ya sa shi ihu, ya kuwa warke, nawa ko tsaki bai sa ni ba, ashe ƙanen nasa ne. Ya dama zuma da ruwan ɗumi ya sha. Tuwo ya fita ransa, sannan fura. Hinde ta yi magana, ya ce zafin bazara ne.

Wata la'asar ya shimfiɗa buzu ƙarƙashin ɗorawar bayan gida ya kishingiɗa. Jajayen furanni na reto samansa. Sai ya ga ƙudan suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, suna shiga ta cibiyarsa, suna saƙa ɗakuna a ciki, kowane ɗaki na cika da wani abu mai ɗumi. Jikinsa ya yi sakayau. Ya ga ya tashi ba tare da ya kama reshe ba, ya wuce kan bishiyar, ga Fakku ƙasa kamar faifai, ga shanu kamar tsaba a bakin fadama. Can a wani reshe yayansa Almu, wanda ya rasu tun Ɗanmaliki bai yi furfura ba, yana zaune yana kaɗa ƙafa.

Ƙarar babur ta shigo cikin mafarkin ta tsaya.

"Kai, tsoho! Kwance da rana? To shi ke nan, bari in tahi in ɗauki matata."

Ɗanmaliki ya buɗe ido ya dube shi, kallo mai taushi. "Almu, ka taho? Riƙe min igiyar."

"Wane Almu? Ni ne buhun maiwa. Zage ni mana."

"Allah shi yi maka albarka," in ji tsohon, ya lumshe ido.

Mu'awiya ya juya da gudu. Ya faɗa cikin gida, ya tarar da Hinde tana tankaɗe. Yau babu amarya, babu matata.

"Inna, tsoho ba shi da lafiya."

"Mi yac ce?"

"Albarka yas sa min."

Ta saki rariya. "Ta da babur."

Da rawaninsa aka ɗaure shi a bayan jikan. Hanyar Kebbe ba ta san tsoho ba, kowane rami sai ta gaishe su, amma shi Ɗanmaliki gani yake reshe ne iska ke kaɗawa.

A Tambuwal wata likita, Fiddausi, ta ɗora hannu kan cikin, ta ji shi tauri kamar allo.

"Irin nawa ne, likita," in ji Mu'awiya. "Ki ba shi ƙwayoyin nan, da kunu."

"Mai yiwuwa ciwon ɗaya ne, Malam, amma jikin ba ɗaya ba. Kai naka jikin ihu ya yi tun da wuri. Na tsoho sau da yawa shiru yake yi, ba zazzaɓi, ba zafin kirki, sai rikicewar kai. Ina tsoron aljihun ya riga ya fashe. Sakkwato za ku, yanzu."

Ya fashe ɗin kuwa. Aka yi masa aiki, aka yanke wani yanki na hanjin. Ya daɗe tsakanin nan da can, har dangi suka fara zuwa gaisuwa da muryar ta'aziyya. Shi abin da ya riƙe kawai, wata fitila kamar farin wata, da mutane masu korayen riguna suna gardamar ƙwallo a kansa.

Sai da ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa, aka dawo da shi, ya rame kamar sandar da yake dogarawa. An hana shi hawa ko da turmi. Kullum da hantsi yakan fita ya taka, yau nan, gobe gaba kaɗan. Jiya ya kai rijiyar makiyaya. Ya zauna kan kututture, ya kira wata mai tallan nono, ya kurɓi ludayi guda. Ya karkata kai, yana sauraren cikinsa. Matar ta tsaya tana kallonsa da ƙwarya a hannu.

Can ya miƙa mata ludayin.

"Ƙaro," ya ce.