Alhaji Ba Ya Ɗaga Jan Ƙyalle

Shekarun da na yi ina tuƙa tifa a Riyad yashi nake ɗauka, amma ban taɓa zaton akwai mai furfurar da zai roƙe ni yashi don ya riƙa faɗawa a ciki ba, sai da na haɗu da Injiniya.

Shi ne mai gyaran na'urorin sanyi a wani sito da ke Birnin Masana'antu na Biyu, kusa da inda muke ajiye motoci. Baƙi ne kamar mu, dogo, ƙafafu kamar na zalɓe, mutumin wani ƙaramin tsibiri a Karibiyan. Ranar farko Hausa na yi masa, ya amsa min da wani irin Turanci mai lanƙwasa. Daga nan muka koma Larabcin 'yan aiki, wanda kowa ke karyawa yadda ya ga dama.

A ƙuruciyarsa ɗan wasan dogon tsalle ne, har ya sa rigar ƙasarsa ya fita gasa waje. Wasan ba wuyar ganewa: ka sheƙo da gudu, ka taka wani katako, ka tashi ka dira cikin yashi. In ɗan yatsanka ya zarce bakin katakon, alƙali zai ɗaga jar tuta, ko a Jidda ka dira ba za a auna ba. To, ciwon Injiniya ke nan. Yakan fi kowa tashi, yakan kuma fi kowa zarcewa. A babbar gasarsa ta ƙarshe duk tsallensa uku ja aka ɗaga masa, ya koma gida ba a ko warware abin awo ba.

Yanzu ga shi ya doshi hamsin, sai aka shirya gasar tsofaffin 'yan wasa a tsibirinsu daidai lokacin hutunsa. 'Yarsa, wadda ta tashi tana jin ana yi wa ubanta ba'a da zancen jar tuta, ta ce za ta zo kallo. Ba lambar yabo yake nema ba. So yake a auna masa tsalle ɗaya a gabanta.

Na juye masa ragowar yashi a bayan sito. Ya kafa katako, ya shafa kwaɓaɓɓiyar fulawa a bakinsa don in takalmi ya zarce ya bar shaida. Saura alƙali. Na ce ai muna da shi a gida: Alhaji, dattijon ɗakinmu a Manfuha, tela ne, wanda har masu kantunan unguwa ke kira ya raba musu gardama. Kowa ya shaida ba ya ƙarya. Injiniya ya biyo ni ya gaishe shi, Alhaji ya sa aka tuƙa tuwo, suka ci a kwano ɗaya. Ashe a nan aikin ya lalace.

Duk Juma'a bayan asuba, kafin rana ta fara gasa mutum, sai mu tafi. Alhaji ya zauna a kujerar roba gefen katako, da ƙyalle biyu daga shagonsa, fari da ja. Ni kuma ina can ƙarshen yashi da shebur, ina baje inda aka dira. Injiniya zai taho yana huci, gwiwoyi na ƙara, ya tashi, ya faɗo tim. Alhaji ya ɗaga fari ya ce, "Masha Allah." A sake, fari. A sake, fari. Makonni suka wuce jan ƙyallen nan ko ƙura bai sha ba. Injiniya har ya kira 'yarsa ya ce mata ciwonsa ya warke a Saudiyya.

Wata Juma'a na bar shebur na dawo shan ruwa, sai na ga abin da ke faruwa. Takalmin Injiniya ya bar shati ɓaro-ɓaro a kan fulawar. Kafin ya miƙe daga yashi, Alhaji ya sa babban yatsa ya shafe wurin sumul, ya ɗaga fari.

Na ce da Hausa, "Alhaji, ai ya zarce."

"Na gani."

"To, me ya sa ka ɗaga fari?"

"Kai yaro, ba ka da kara? Mutumin da ya ci tuwo a ɗakina, ga furfura, ya zo da gudu kamar zai tsage, in ɗaga masa ja a kan ɗan yatsa? Kuma ni ban ce bai zarce ba. Masha Allah na ce."

Raina ya ɓaci, ga dariya kuma tana cina. Na ce masa can wurin gasar ba wanda ya ci tuwo da Injiniya, a gaban 'yarsa za su kunyata shi. Alhaji ya ce in ni ne marar kunyar, ni in faɗa wa Injiniya.

Na faɗa masa. Injiniya ya zauna a kan yashi yana kallon katakon, har tausayinsa ya kama ni. Daga baya ya tashi, ya ɗauki jan ƙyallen ya damƙa wa Alhaji a hannu, ya ce, "Hajji, in kana ƙaunata, wannan."

Tsalle na gaba ya zarce. Alhaji ya kawar da kai gefe, ya ɗaga jan ƙyallen iya gwiwa, yana cewa, "Ma'alesh, sadik, ka yi haƙuri, ba da son raina ba." Injiniya ya kwanta a yashi yana dariya har da hawaye, wai duk alƙalan da suka kayar da shi a duniya ba wanda ya taɓa ba shi haƙuri. Haka muka ƙarasa makonnin da suka rage, Alhaji na ɗaga ja yana neman gafara, Injiniya na ja da wurin fara gudunsa baya kaɗan-kaɗan.

Bayan ya tafi hutu, sai ga bidiyo a wayata. Muka taru a ɗaki muna kallo. Na farko ja. Na biyu ja. Alhaji ya fara salati. A na uku Injiniya ya taka katakon a tsorace, ya dira ba nisa, aka ɗaga fari. Shi ya zo na ƙarshe a gasar. Amma an durƙusa an auna, kuma hoton sai rawa yake yi, don mai riƙe da wayar tana ta tsalle tana kiran babanta.

Alhaji ya ce a mayar baya, aka mayar. Ya ƙura wa alƙalin ido.

"Ka tabbata ba kunyarsa mutumin nan ya ji ba?"

Na ce, "Alhaji, sau biyu ya ɗaga masa ja ko kai bai kawar ba."

"To, wannan farin da guminsa ya samu ke nan," in ji shi. Ya cire tabarau ya goge idonsa da bakin riga, ya ce a sake mayarwa baya.