Gwadon da zai lulluɓe makarata

A garinmu, nan gabas da Gangara, in mace ta rasu, zanen da aka lulluɓe makararta da shi na wadda ta yi mata wanka ne. Haka muka iske. Shi ya sa kowace tsohuwa ke da zane guda a gindin adaka, ko ranar salla ba ta ɗaura shi.

Nawa gwado ne, baƙi mai ratsin hwari, saƙar maigidana kahin idanunsa su mutu. Zaren ni na kaɗa shi. Na yi wa maƙwabciyata alkawarinsa, wadda muke daka a turmi guda tun muna amare: in na riga ta, ita za ta wanke ni, gwadon nata ne.

Ana nan sai ga jikanyata daga Yamai, ɗiyar ɗana, wadda ta yi lakol, karatun boko mai zurhi. Sana'arta, wai, harhaɗa tsummoki ta ɗinke, a rataye a bango mutane su zo kallo.

"Kaka, ba ni tsohin zannuwanki, tarihin gidanmu zan ɗinka."

"Tarihi a tsumma? Ke dai kin rasa aikin yi. Ga adaka can, ɗiba."

Na tahi roron gujiya. Na dawo na iske ta bisa tabarma da almakashi. Ga majanyin da na goyi ubanta, ga kallabin uwata, ga gwadona an yanyanka shi kamar tahin hannu.

"Wannan ya hi duka kyau, Kaka. Na ga ma ba ki ɗaura shi."

Ban yi hwaɗa ba. Da wa zan yi? An kai ta birni tana rarrahe, ba ta taɓa zama gidan mutuwa a ƙauye ba, kuma da bakina na ce ɗiba.

Daga baya ta nuna mini a waya: ga ɗinkin rataye a wani ɗaki, mutane tsaye hannu a baya, an hana taɓawa. Wai ana ta yabo.

Na je na gaya wa maƙwabciyata. Ta ce, "Ko ba zane zan wanke ki, ƙawa." Na san har zuciyarta take nuhi. Amma na san bakin matan garinmu.

Da ɗana ya ji, ya aiko da atamhwa sabuwa daga kasuwar Gazawa, takardar kanti na manne a jikinta. Da ita za a hidda ni, kamar baƙuwar da ta mutu a tasha.