Rantsuwar da Yaya Ilu Ya Tafi da Ita

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Iliyasu makwancinsa a Tudun Wada. Yaya Ilu muke ce masa, mai gyaran keke a bakin kasuwa, manomin dawa da gyaɗa idan damina ta faɗi. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Na so in rubuta wannan waiwaye cikin sanyin rai yadda ake yi wa mamaci, sai ga shi a makon nan an sake korar kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Masu karatu ku yi mini afuwa idan alƙalamina ya yi kaifi, akwai mutanen da nake jin haushinsu kuma ba zan ɓoye ba.

Yaya Ilu bai taɓa ganin 'yan wasan ƙasa da idonsa ba. Rediyo kawai gare shi, wata baƙa mai rigar fata da yake ratayewa a ƙusar rumfarsa. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, amma daga tashin muryar mai sharhi yake sanin ƙwallo ta shiga da'irar gola. Ranar wasa ba ya faci, ba ya ɗaure sarƙa. Fulanin Burumburum da suka kawo kekunansu sai su jingine su, su zauna, a cika rumfar har bakin hanya. Ya san sunan kowane yaro da lambarsa, ya san wanda ke da ƙafar hagu da wanda ke tsoron karo. 'Ya'yana yake ce musu, kuma da gaske yake.

To amma Yaya akwai zuciya. Idan aka ci mu, koci ya shiga uku. Me ya sa ya ajiye lamba tara a benci? Wane mahaukaci ne zai cire ɗan baya ana saura kaɗan a tashi? Idan ya gama zazzaga masifa sai ya miƙe, ya zare batiran rediyo, ya ce wallahi tallahi ba zai ƙara sauraron wasan ƙasa ba sai an cire wannan kocin.

Rantsuwar nan ba ta cika wahalar da shi ba. Sau da yawa kafin wasa na gaba ya zo an riga an sallami kocin, rantsuwa ta warware da kanta, batir ya koma rediyo. Idan kuwa kocin ya yi taurin rai ya kai wani wasan, Yaya ba ya iya daurewa. Sai ya kunna abarsa, washegari ya sa matarsa Hansatu ta tuƙa tuwon mutum goma na kaffara, a rarraba wa tsofaffin unguwa marasa ƙarfi. Har tsofaffin suka gane, suna aiko tambaya ko yaushe ne wasa. Hansatu tana mita cewa ƙwallo ta fi gara cin rumbunta. Malam Buba, limamin masallacinmu, ya sha jan kunnensa cewa sunan Allah ba abin wasa ba ne. Yaya ya ce ya tuba, wata na zagayowa ya sake.

Mu duka a rumfar nan koci muke zagi. Aka kawo Bature, muka ce bai san yaranmu ba. Aka kawo ɗan gida, muka ce yana son kai. Ba mu taɓa ɗaga kai mun dubi waɗanda ke zaune a ofishin hukumar ƙwallo a Legas ba, masu ɗauko koci yau su kore shi gobe. Su ne ba sa tara yara a sansani sai wasa ya ƙarato. Su ne ke cusa wa koci ɗan wane da ƙanin wane. Idan za a tafi wasa waje, su da abokansu ke cika jirgi. An bar jaki ana dukan taiki, kuma mu ne masu riƙe da sandar.

Ranar da aka ci mu a gida, aka fitar da mu daga wasan share fage, na zo hutu daga Kiru inda nake koyarwa. Aka busa tashi, rumfa ta yi tsit, kowa na jiran Yaya ya fara. Sai ya zuba wa rediyon ido kawai. Don in tsokane shi na ce ko a gaya wa Hansatu ta jiƙa dawa tun yanzu. Bai yi dariya ba. Ya tambaye mu koci nawa muka tsine wa a wannan rumfa, kuma wa ke kawo su. Ya sauke rediyon daga ƙusa, ya zare batiran a hankali.

"Wallahi ba zan ƙara sauraron wasan ƙasa ba," in ji shi, "sai masu ɗaukar kocin da korarsa sun tafi."

Muka kwashe da dariya, don mun saba. Ba wanda ya lura cewa maganar ta sauya.

Ba a jima ba aka kori kocin. Na sayo sababbin batira na kawo masa ina murna. Ya dube ni ya ce in tuna abin da ya faɗa, ai bai ambaci koci ba. Koci kamar ɗan haya yake, kullum kayansa a ɗaure. Waɗancan kuwa masu gida ne.

Daga nan ranar wasa sai ya rufe rumfa ya ɗau fartanya ya nufi gonarsa ta can bayan gari, inda ƙarar rediyon kowa ba ta kaiwa. Ko da rani haka yake yi, ba abin da zai nome, ya zauna ƙarƙashin ɗorawa har a tashi. Fulanin suka koma wata rumfar. Idan ya dawo ba ya tambayar ci, amma yana leƙen fuskokin mutane. Hansatu da ke kuka da rumbu, ita ce da kanta ta roƙe shi ya karya, ta ce ko tuwon mutum ɗari ne za ta tuƙa, don ta gaji da ganinsa kamar wanda aka yi wa mutuwa. Ya ce ba maganar dawa ba ce. Idan ya karya, ya yarda ke nan a ci gaba da raina masa hankali.

Sau ɗaya muka sa rai. Labarai suka ce gwamnatin soja ta rushe hukumar ƙwallo ta naɗa sabuwa. Na hau babur na taho a guje. Yaya ya ce in faɗo masa su wane ne sababbin. Ina faɗa yana girgiza kai: mataimakin jiya ya zama shugaba, shugaban jiya ya zama mai ba da shawara. Muka je wurin Malam Buba, ya ce rantsuwa tana bin niyyar mai ita, Iliyasu ya tambayi zuciyarsa ko sun tafi. Yaya ya ce an dai canza wa tuwo suna. Muka dawo gida, rediyo ta ci gaba da zama a ƙasan akwati.

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a ƙarshen wata damina. Ciwon ya faɗo daidai da wani babban wasa, gari duk ya ɗauka. Na ciro rediyon, na sa batir, na durƙusa gefen shimfiɗarsa. Na ce Yaya, kaffarar a wuyana, ni zan ciyar, ka ji 'ya'yanka ko sau ɗaya. Ya ɗora hannu a kan rigar fatar nan, ya daɗe yana shafa ta. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Sun tafi?" ya tambaye ni.

Na ce ba su tafi ba.

"To kai ta ƙofar gida ka saurara. Ka rage murya."

Na saurara ni kaɗai a dakali, aka ci mu. Da na shigo ya dubi fuskata ya ce, Allah sarki koci, gobe za su kore shi. Haka kuwa aka yi. Yaya bai ga ƙarshen watan ba.

Yau da zai dawo, da ya ga abin mamaki. Akwai talabijin mai kala a gidajen kallo har Doguwa da Bebeji, da ya ga fuskokin da ya shekara yana zanawa a ransa. Yaranmu suna buga wasa a Turai, sun ɗauko wa ƙasa kofi bayan rasuwarsa, ranar sai da na yi kuka don ba ya nan. Amma da ya tambayi ina kocin da ya kai su, da na sunkuyar da kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yara su yi gumi, koci ya sha zagi, ku kuma ku gyara babbar riga ku tsaya a gaban hoto.

Ku nake nufi, masu kujerun da ba sa tsufa. Ba ku san Yaya Ilu ba, ba ku san Tudun Wada tana da rumfar gyaran keke ba. Bai taɓa neman komai a wurinku ba. Abu ɗaya ne yake sa shi farin ciki a duniyar nan bayan iyalinsa, kuka yi ta wasa da shi har ya ɗaure kansa da sunan Allah don ya tsira da mutuncinsa. Ban ce ku kuka kashe shi ba, ajali ne. Amma shekarunsa na ƙarshe da ya yi a ƙarƙashin ɗorawa yana toshe kunne, wannan ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Rumfar yanzu mai sayar da taki ne a ciki. Tsofaffin da suka ci tuwon kaffara yawanci sun bi shi. Abin da ya rage mini shi ne rediyon da tambayar da ya bar mana: wa ke kawo su? Ni ba ni da ƙarfin halinsa, har gobe ina kunnawa, ina zagi, ina sake kunnawa. Sai dai na daina zagin koci.

Jiya na je gaida Hansatu, ta tsufa, ido ya yi rauni. Ta ji a labarai an yi kora a wajen 'yan ƙwallo, ta riƙo hannuna ta ce, "Su ne suka tafi?" Na ce mata a'a, koci ne.